Tambaya da Amsa: Zubin Dole da Dokokin Ƙari a Wasan Foka Marar Iyaka

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu guda suka faɗo, wato wasan karta na foka, musamman nau'in Texas Hold'em marar iyaka, wanda ake nuna gasarsa a YouTube, kuma ya cika wayoyin matasa da kwandalolin da ba sa komawa kuɗi. Hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, ba kuma shi aka tambaye mu ba. Tambayoyin na doka ne da lissafi, a nan za mu tsaya. Duk alƙaluman da ke ƙasa kwandalolin gasa ne, sai inda aka ambaci dala.

Malam, me ya sa mutum biyu suke zuba kwandala tun ba su ga katinsu ba? Kuma wa ke fara magana?
Daga mai karatu a Zariya

Da ba a tilasta wa kowa zubi ba, da kowa zai naɗe hannu yana jiran As biyu, kati mafi girma a karta, wanda kuwa sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Zubin dole shi ne abin da ake faɗa a kansa. Akwai wani ɗan faifai da ake ajiyewa gaban ɗan wasa guda, yana matsawa kujera ɗaya zuwa hagu bayan kowane hannu, wato kowane rabo guda daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Wanda ke hagun mai faifai shi ke ajiye ƙaramin zubi, na hagunsa kuma babban zubi. A waya za ka ga an rubuta SB a kan na farko, BB a kan na biyu. Galibi ƙaramin rabin babban ne, kamar 100 da 200, amma za ka ga 200 da 300, ko dala 2 da 5 a teburin tsabar kuɗi.

Bayan an raba wa kowa kati biyu a kife, wanda ke hagun mai babban zubi ne ke buɗe baki. Zaɓi uku gare shi: ya zubar da katinsa, ya amsa 200, ko ya yi ƙari. Ba shi da damar wucewa kyauta, domin akwai zubi a gabansa. Haka za a zagaya har a iso mai ƙaramin zubi, wanda 100 ɗinsa tana cikin lissafi, sai ya cika 100 kawai. Mai babban zubi ne na ƙarshe. Ko da kowa amsawa ya yi ba ƙari, ba a buɗe katunan tebur sai an tambaye shi, domin yana da haƙƙin ya ƙwanƙwasa tebur a wuce, ko ya yi ƙari a kan zubinsa. Sabbin masu rabo sun fi mantawa da wannan.

Wannan jerin na zagayen farko ne kaɗai. Da zarar an buɗe katuna uku a tebur, magana tana farawa daga hagun faifai, mai faifai ya zama na ƙarshe har hannu ya ƙare. Shi ya sa kujerarsa ta fi kowace daraja: yana ganin abin da kowa ya yi kafin ya motsa.

An ce wasan ba shi da iyaka, amma na so in ƙara 50 a kan 200 manhaja ta ƙi. Ina rashin iyakar?
Daga wani ɗalibi a Sakkwato

Ta sama ce babu iyaka, kana iya tura duk jarinka a kowane lokaci. Ta ƙasa akwai. Ƙari ba ya gaza girman zubi ko ƙari mafi girma da aka yi a wannan zagayen. Babban zubi 200 ne, don haka ƙarin farko sai ya kai jimlar 400.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ƙari a kan ƙari. Wasu suna zaton sai an ninka jimlar da ke gaba. Ba haka ba ne, tazarar ake dubawa. A 100 da 200, wani ya ɗaga zuwa 600. Abin da ya ɗora a kan 200 shi ne 400. Kai da ke son sake ɗagawa, mafi ƙanƙantar abin da za ka kai shi ne 1,000, ba 1,200 ba. Idan ka zaɓi ka kai 1,800, to ka ɗora 1,200 ke nan, na bayanka ba zai ɗaga ƙasa da 3,000 ba. Kullum ka cire jimlar da ta gabata daga ta yanzu, abin da ya rage shi ne ma'auni. Ana samun gidan wasa nan da can da ke da tasa doka ta ninkawa, amma abin da ƙungiyar shugabannin gasa ta TDA ta rubuta, wadda Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001, tazara ce, kuma ita akasarin manyan gasa suke bi.

Babu kuma ƙayyadadden adadin sau nawa za a ɗaga. Jari ne ke tsayar da abin.

Na ɗaga zuwa 600, wani ya amsa, na uku ya tura duk abin da ya rage masa, 900. Da magana ta dawo kaina na so in tura duka, aka hana ni. An zalunce ni ko doka ce?
Daga mai karatu a Maraɗi

Doka ce, kuma babu dokar da ta fi ta haddasa gardama a tebur. Mu bi ta a hankali, mu ɗauka zubin 100 da 200 ne.

Ƙarinka 400 ne. Wanda ya tura 900 ya ɗora 300 kawai a kan 600. An yarda masa, tunda iyakar abin da yake da shi ke nan, amma ba a lissafa shi cikakken ƙari. Gajeren ƙari irin wannan ba ya sake buɗe ƙofa ga wanda ya riga ya yi magana. Kai da wanda ya amsa maka, abu biyu ya rage muku: ku cika 300, ko ku zubar.

Wanda bai yi magana ba tukuna, shi ba a rufe masa ba. A ce akwai na huɗu a bayan mai 900. Yana iya zubarwa, yana iya amsa 900, yana iya ɗagawa zuwa aƙalla 1,300, wato 900 da cikakken ƙarin ƙarshe 400. Idan ya ɗaga, ƙofa ta buɗe wa kowa, har da kai. Idan amsawa kawai ya yi, tana nan a rufe.

Akwai kuma tarawa. Na uku ya tura 900, na huɗu shi ma ya tura dukansa, 1,100. Babu ɗayansu da ya yi cikakken ƙari shi kaɗai, ɗaya 300, ɗaya 200. Amma da magana ta dawo kanka, abin da ke gabanka ya ɗara 600 ɗinka da 500, ya wuce 400. A nan kana da damar ɗagawa, daga 1,500 zuwa sama. Tambayar da mai rabo zai yi wa kansa ke nan ga kowane ɗan wasa daban: tun maganarsa ta ƙarshe, an ɗora masa abin da ya kai cikakken ƙari ko ba a kai ba?

Ga wani misali da ke faruwa kullum. Wani ya amsa 200 ba ƙari, na bayansa ya tura 350 dukansa. Mai babban zubi bai yi magana ba tukuna, zubin dole ba magana ba ce, don haka yana iya ɗagawa zuwa 550 ko sama. In ya amsa kawai, wancan na farko da ya shigo da 200 ba zai iya ɗagawa ba.

Dalilin dokar shi ne mutumin tsakiya, wanda ya amsa maka 600. Ya amsa ne a kan cewa ba za ka sake ɗagawa ba sai in wani ya yi ƙari na gaske. Da 'yan kwandaloli kaɗan suna buɗe ƙofa, da mai babban jari da mai ƙaramin jari za su riƙa matse na tsakiya yadda suka ga dama. Wasu suna kawo dokar rabi, su ce 300 ya wuce rabin 400 don haka ya buɗe. Wannan dokar wasa mai iyaka ce, ba ta aiki a nan.

Ƙwararru suna amfani da wannan tun kafin su ɗaga. Da ka lura na bayanka 900 gare shi, ka ɗaga zuwa 500 maimakon 600, da ƙarinka 300 ne, turawarsa ta ɗora 400, ƙofa ta buɗe maka. Duk abin da bai wuce 550 ba zai yi. Mai lura yana ƙirga jarin waɗanda ke hagunsa kafin ya taɓa nasa.

Na ga ɗan wasa a gasa ya jefa kwandala ɗaya ta 1,000 alhali zubin 400 ne, mai rabo ya mayar masa da canji. Ba ƙari ya yi ba?
Daga wata mai karatu a Kaduna

A'a, Malama. Idan akwai zubi a gabanki kika jefa kwandala guda ɗaya mai girma ba ki ce komai ba, amsawa kika yi, za a ba ki canjin 600. Sai kin furta ƙari kafin kwandalar ta taɓa tebur. In kin furta ba ki faɗi adadi ba, ƙarin ya tsaya a darajar kwandalar, 1,000. A teburin gasa kalmomin Turanci ake furtawa, “kol” don amsawa, “rez” don ƙari, “ol-in” don tura duka, kuma abin da baki ya faɗa a kan layinsa ya ɗaure mai shi, ba a janyewa.

Kwandala da yawa ma tana da nata hukunci. A 200 da 400, wani ya ɗaga zuwa 1,200, wato ƙarin 800. Kika tura kwandala biyu na 1,000 shiru. Jimlar 2,000 ce, daidai da mafi ƙanƙantar ƙari, amma duk da haka amsawa ce, domin in aka cire ɗaya abin da ya rage bai kai 1,200 ba, dukansu biyu ana bukatarsu don amsawa. To in kika tura 1,700, da ta 1,000 da ta 500 da na 100 biyu fa? Nan ba duka ake bukata ba, sai a duba rarar. Rarar 500 ce, ta kai rabin 800, don haka za a tilasta miki cikawa zuwa 2,000. Da 1,500 kika tura, da ta 1,000 da na 100 biyar, rarar 300 ba ta kai rabi ba, amsawa ce, a mayar miki da sauran.

Sai zubi kashi-kashi. Mutum ya ajiye 1,200, ya kalli fuskar abokin karawa, ya koma jarinsa ya ɗebo ƙari. Ba a yarda ba, tafiyar hannu ta farko kaɗai ake lissafawa. Maganin duk waɗannan guda ne: ki faɗi jimlar da baki kafin ki motsa hannu.

Idan mutum biyu suka rage, wa ke ajiye ƙaramin zubi? Mun kusa yin faɗa a kan wannan.
Daga mai karatu a Kumasi

Mai faifai ne ke ajiye ƙaramin zubi, ɗayan ya ajiye babba. Mai faifai ke fara magana kafin a buɗe katunan tebur, daga nan kuma shi ne na ƙarshe a sauran zagaye uku. Da an juya, da mutum ɗaya zai zama na ƙarshe a duk zagaye huɗu. Lokacin da aka sauko daga uku zuwa biyu, ana gyara faifai yadda ba wanda zai ajiye babban zubi sau biyu a jere.

Wannan ƙa'idar ce kuma ke aiki idan wani ya fita a cikakken tebur: babban zubi ne ke tafiya kujera-kujera ba tsallake, saura su bi shi. A ce kujera ta 1 ke da faifai, ta 2 ƙaramin zubi, ta 3 babba. Na kujera ta 3 ya fita. A hannu na gaba ta 4 ta ajiye babba, babu ƙaramin zubi sam, faifai ya koma ta 2. A na bayansa ta 5 babba, ta 4 ƙarami, faifai ya zauna gaban kujerar da ba kowa, na kujera ta 2 ya sake zama na ƙarshe. Wani zai ce an fifita shi. Gaskiya ne, amma ya fi sauƙi a kan wani ya tsallake babban zubi kyauta.

Mene ne adadi na uku da ake rubutawa, kamar 400, 800, 800?
Daga mai karatu a Jos

Ante ke nan. A da kowane ɗan wasa ne ke jefa 'yar ƙaramar kwandala kowane hannu. Abin yana cin lokaci, mai rabo yana ta tunatarwa, a yi ta musun wanda bai jefa ba. Sai aka koma mutum ɗaya ya biya wa tebur duka, wato mai babban zubi, kuma galibi daidai da babban zubin. Gasar duniya ta WSOP a Las Vegas ta gwada tsarin a wasu wasanninta a 2018, ta game da shi a 2019.

Mai babban zubi a misalinka 1,600 yake fitarwa, amma 800 kaɗai ke lissafi a matsayin zubinsa. Ɗayar 800 ta shige tsibin tsakiya, ta mutu. In wani ya ɗaga zuwa 1,800, sai ya cika 1,000, ba 200 ba.

Ante yana sauya lissafi sosai. Ba ante, tsibin 1,200 ne. Wanda ya ɗaga zuwa 1,800 don kowa ya gudu ya kwashe, sai dabarar ta ci sau 60 cikin 100 kafin ya mayar da abin da yake kasada da shi, wato 1,800 a raba da 3,000. Da ante tsibin 2,000 ne, 1,800 a raba da 3,800, kusan 47 cikin 100 ya isa. Shi kuma mai babban zubi zai saka 1,000 a tsibin da zai zama 4,800, yana bukatar ya ci kusan sau 21 cikin 100 kawai. Abin da ya sa ke nan kake ganin ƙwararru suna ɗagawa da ninki biyu da ɗan ɗori, mai babban zubi kuma yana amsawa da katin da kai za ka zubar.

Wuri ɗaya gidajen wasa suka saɓa: idan jarin mai babban zubi bai isa biyun ba, wanne za a fara cirewa? A ce 1,000 gare shi, mutum ɗaya ya amsa, mai ƙaramin zubi ya zubar. In ante aka fara cirewa, 200 kaɗai ya rage masa a raye. Ko ya ci, 1,400 zai kwasa: ante 800, tasa 200, da 200 daga kowane ɗayan biyun. In babban zubi aka fara cirewa, 800 ke raye, zai kwashi 2,200. Bambancin ba kaɗan ba ne ga mai numfashin ƙarshe, don haka a rubuta shi a takardar gasa tun ran gini, tun ran zane.

Mu goma ne a unguwa, muna so mu yi gasa ta kofi ba kuɗi, ta ƙare cikin awa huɗu. Yaya za mu tsara hawan zubi?
Daga mai karatu a Yamai

A fara daga ƙarshe. Gasa takan mutu ne lokacin da duk kwandalolin da ke tebur suka koma kimanin babban zubi 20 zuwa 30, domin a nan mutum biyun ƙarshe ba su da sarari sai turawa. Ku goma, kowa 10,000, jimla 100,000. Ke nan kuna so babban zubi ya kai wajen 4,000 a ƙarshen awa ta huɗu. Mataki na minti 20 zai ba ku matakai 12. Ga jeri mai kyau: 50 da 100, 75 da 150, 100 da 200, 150 da 300, 200 da 400, 300 da 600, 400 da 800, 600 da 1,200, 800 da 1,600, 1,000 da 2,000, 1,500 da 3,000, 2,000 da 4,000. Ku ƙara hutun minti 10 sau biyu a kan wannan. In kuna son ante, ku sa shi daga mataki na biyar, amma ku sani zai gaggauta ƙarshen.

Rabon kwandala ga kowa: 8 na 25, 8 na 100, 4 na 500, 7 na 1,000. Guda 27 ke nan, 270 ga tebur duka. Bayan mataki na huɗu ba a ƙara bukatar na 25, sai a canja su. Bayan na tara a kwashe na 100. Wanda ragowarsa ba ta cika kwandala ɗaya ba, a manyan gasa ana raba kati ɗaya ga kowace ragowar kwandala, masu manyan kati su karɓi sabbin, ba wanda zai karɓi fiye da ɗaya, ba kuma wanda za a fitar daga gasa ta wannan hanya. Ku a gida ku cike wa kowa zuwa sama, babu abin da zai lalace.

Kuskure biyu ke kashe gasar gida. Na farko ninkawa kowane mataki, 100, 200, 400, 800, 1,600. Kafin awa biyu matsakaicin ɗan wasa ya koma babban zubi shida ko bakwai, dabara ta ƙare, sa'a ta karɓi wasan. Hawa da kashi 25 zuwa 50 cikin 100 ya fi. Na biyu gajarta mataki. Ƙwararren mai rabo yana fitar da hannu 25 zuwa 30 a awa, ku da za ku riƙa karɓa-karɓa ba za ku kai haka ba. Minti 20 da ƙyar faifai zai zagaya tebur sau ɗaya. In kuka mayar da shi minti 10, wani zai biya babban zubi a 200, maƙwabcinsa na kujeru huɗu gaba ya biya a 400. Gara a rage jarin farko da a rage minti. Kuma in agogo ya buga ana tsakiyar hannu, sabon zubi sai hannu na gaba.

Don ku ga nisan tazara: babbar gasar WSOP, wadda Benny Binion ya fara a gidan wasansa na Horseshoe a 1970, kuɗin shigarta dala 10,000, tana ba kowa kwandala 60,000, a fara a 100 da 200, kowane mataki awa biyu. Babban zubi 300 ke nan a hannun kowa. Shi ya sa take cin kwanaki sama da goma, ga yawan jama'a, a 2024 mutum 10,112 suka shiga.

Ɗan wasa kuma ya daina ƙirga jarinsa da dubbai. 12,000 a matakinku na farko, 50 da 100, babban zubi 120 ne. A 400, 800, 800 babban zubi 15 ne, kuma tunda kowane zagaye na cin 2,000, zagaye shida ya rage masa ko bai buga ko hannu ɗaya ba.

Idan mai babban zubi ba shi da cikakken kuɗin zubin, saura nawa za su amsa?
Daga mai karatu a Garwa

Cikakken zubin. A 500 da 1,000, mai babban zubi 300 ta rage masa, ya ajiye ta, ya tura duka ke nan. Duk mai son shiga sai ya saka 1,000, mai ɗagawa kuma daga 2,000. In mutum biyu suka shiga da 1,000 kowanne, ɗayansu mai ƙaramin zubi, ana cire 300 daga kowa a yi babban tsibi na 900, wanda su ukun ke nema. Sauran 1,400 tsibin gefe ne, na mutum biyun kaɗai.

Ƙa'idar ita ce ba wanda ke cin fiye da abin da ya saka daga hannun kowane abokin karawa. Mutum uku sun tura duka, 2,000 da 5,000 da 9,000. Tsibin farko 6,000, na su uku. Na gefe 6,000, na manyan biyun. Ragowar 4,000 ta koma wa mai 9,000 nan take, tunda ba wanda ya amsa ta. A fara hukunta tsibin gefe, sannan babba. Mai rabon da ya tattara komai wuri ɗaya kafin ya ware ya jawo wa kansa aiki. Ba a kuma zura hannu aljihu a ƙaro jari ana tsakiyar hannu, abin da ke kan tebur lokacin rabo shi ne naka.

A bidiyon teburin tsabar kuɗi na ga zubi uku maimakon biyu. Kuma me ake yi wa wanda ya tashi zubi ya wuce shi?
Daga mai karatu a Katsina

Na ukun zubin ganin dama ne. Wanda ke hagun mai babban zubi ya ajiye ninki biyu kafin rabo, a tebur na dala 1 da 2 ya ajiye 4. Magana ta fara daga hagunsa, shi ya zama na ƙarshe a zagayen farko, amsawa 4, ƙari a akasarin gidaje daga 8. Wasu gidajen suna yarda mai faifai ya yi. A lissafi asara ce ga mai yinsa, ya saka ninki biyu a makance daga mummunar kujera, kuma mai dala 200 da ke da babban zubi 100 ya koma mai 50 a wannan hannun. A gasa ba a yinsa.

Wanda ya tashi daga teburin tsabar kuɗi zubi biyu suka wuce shi, in ya dawo ko ya jira babban zubi ya iso kujerarsa, ko ya biya duka yanzu, dala 3, biyu a raye gabansa, ɗaya ta mutu a tsakiya. A gasa ba a jiran kowa. Ana raba wa kujerarsa kati, a cire zubi da ante daga jarinsa duk lokacin da layi ya zo, in kuma ba ya kan kujera har aka gama rabo, katinsa ya mutu ko da As biyu ne.

Idan na yi magana layina bai zo ba fa?
Daga mai karatu a Kano

Za a mayar da magana ga wanda ka tsallake. In bai sauya komai ba, wato ya zubar ko ya amsa, abin da ka faɗa ya ɗaure ka, ko ƙari ne sai ka yi shi. In ya yi ƙari, an sake ka, ka kwashe kwandalarka ka zaɓi abin da kake so daga farko. Zubar da kati kaɗai ba ya dawowa ko me ya faru. Wanda ya mayar da abin ɗabi'a, shugaban gasa yana iya tayar da shi daga tebur na hannu ɗaya ko zagaye guda, zubinsa kuma ana ci gaba da cirewa yana tsaye.